Nas ɗin zuwa gida bayan aikin dajin baki: yadda muka ga aikinsu da kuɗinmu

Masu tambayata ko kamfanonin nan na Kano da suke turo nas har gida sun cancanci kuɗin da suke karɓa, toh ga amsata a taƙaice kafin na shiga dogon bayani: eh sun cancanta, amma ba sunan kamfanin za ku duba ba, mutumin da suka turo muku za ku duba. Ba zan kama sunan kamfanin da muka yi hulɗa da su ba, haka asibitin da aka yi wa Baba aiki, saboda akwai yabo akwai kuma ƙorafi, kuma ina ganin abin da zan faɗa ya shafi kusan duk masu wannan sana'ar ne ba su kaɗai ba.

Mahaifina ne aka yi wa aikin. Ɗan kasuwa ne, shekara da shekaru yana cusa taba gari tsakanin kunci da dasashi, wani ɗan miki ya fito a gun ya ƙi warkewa, aka yi ta fama da maganin basir da na zafi, sannan ga maganar nan da kowa ya sani wai daji ba ya son ƙarfe ba ya son allura, kafin dai a yarda a yanki ɗan nama a kai gwaji abu ya riga ya ci ƙashin muƙamuƙi ta ɓangare ɗaya. Dan Allah duk mikin da ya haura sati 3 a baki bai warke ba a kai wa likita ya gani, ko da ba ya ciwo, domin nasa ma da farko ba ya ciwo.

Sai kun gane irin aikin da aka yi za ku gane me yasa ba kowace nas ce za ta iya jinyar ba. An cire ɓangaren muƙamuƙin da cutar ta ci, an saka farantin ƙarfe a gurbin ƙashin, an buɗe wuya an kwashe ƙaluluwar da ke gefen, sannan aka yanko tsoka da fata daga ƙirjinsa aka zuro ta ƙarƙashin fatar wuya aka toshe ramin da ke cikin bakin da ita. Wannan naman ba a raba shi da jijiyar jininsa ba, jijiyar tana nan ta taso daga ƙirji ta haura kan ƙashin wuya ta shiga baki, har za ka ga wajen ya ɗan yi tudu. Likitan ya ce mana tsohuwar dabara ce, tun 1979 ake yinta, kuma har gobe tana aiki musamman inda babu kayan ɗinke ƙananan jijiyoyi. A wasu manyan asibitoci, da irin su Indiya da Masar inda mutanenmu suke yawan zuwa, sukan ciro ƙaramin ƙashin ƙwauri ko fatar hannu gaba ɗaya su ɗinke jijiyoyin da na wuya da madubin ƙara girma. Ko wanne aka yi dai magana ɗaya ce, in jini ya daina zuwa wa naman nan ya mutu, aikin awanni da kuɗin da aka kashe sun tafi.

A asibiti kwana 2 zuwa 3 na farko su ne masu haɗari, nas-nas ɗin wod suna zuwa a kai a kai da tocila suna leƙa launin naman, suna dannawa su ga ko jini yana dawowa. Sun yi ƙoƙari wallahi, sai dai mutum biyu ga wod cike da marasa lafiya da daddare, ga shi duk wanda ya ƙware sai ka ji ya tafi Saudiyya ko Ingila. Aka sallame mu da bututu a wuya wanda yake numfashi ta ciki, da wani siririn bututun a hanci wanda ake ba shi abinci, saboda naman da aka dasa yana da kauri ya cika baki, likita ya ce ba za a cire su ba tukuna. An koya mana komai a tsaitsaye ranar sallama, muka ce toh, muka iso gida muka kalli juna ni da Umma da ƙanina, a daren aka fara neman nas.

Tsarinsu diyuti biyu ne, na rana da na dare, kowanne awa 12, na dare ya fi tsada. Kuɗin sati ɗaya kawai ya wuce mafi ƙarancin albashin nan na dubu 70, kuma a fara biya kafin a turo kowa. Abin da ba su faɗa mana a waya ba shi ne kuɗin na ƙafar nas ɗin ne kawai, safar hannu, goz, filasta, ruwan gishirin asibiti, siraran robobin zuƙe majina, manyan sirinji na abinci, duk mu za mu saya, injin zuƙe majinar ma haya suka ba mu da kuɗinsa daban. Ban ce zamba ba ce, amma in za ka faɗa wa mai jinya farashi ka faɗa masa duka, mutumin da ya gama sayar da fili ba ya son a zo masa da "au, ai akwai kuma" bayan ya biya.

Na dare shi ne dalilin da ya sa nake cewa sun cancanta. Namiji ne magidanci, ya yi shekaru a sashen tiyatar baki da fuska kafin ya koma wannan aikin, kuma tun shigowarsa ka san ya saba. Bai fara da awon jini ba, cewa ya yi a nuna masa inda za a ajiye bututun wuya na biyu da almakashi da tocila, ya ce su zauna a kan dirowar gefen gado kar kowa ya taɓa, in na wuyan ya toshe ko ya fita tsakar dare ba lokacin bincike ba ne. Ya sa aka ɗaga kan gadon da filalla yadda Baba zai kishingiɗa ba kwance flat ba, ya duba igiyar da ta ɗaure bututun ya ce ta matse daidai kan tudun jijiyar nan, ya sassauta ta yadda yatsa zai shiga, ya ce "Alhaji, hirami da rawani da riga mai matse wuya sai an kwana biyu, carbin ma a riƙe a hannu kar a rataya." Baba ya harare shi amma ya bi.

Maganar bututun wuya ita ce ta fi komai ba mu tsoro, kuma nan ne aikinsa ya fi fitowa. Da hanci mutum yake tace iska ya ɗumama ta ya jiƙa ta, toh wanda yake numfashi ta wuya iskar kai tsaye take faɗawa huhu, mu kuma lokacin hunturu ne, hazo da ƙura da bushewar nan ta Kano da ke fasa leɓe, majina sai ta bushe ta yi tauri a cikin bututun ta fara toshe shi, kana jin wani fito-fito in yana numfashi. Shi ya sa aka rufe tagogin da suke kallon titi, ana goge ɗaki da jiƙaƙƙen tsumma maimakon shara, ana rataya goz mai ɗan danshi a gaban bututun, yana yi masa tiririn ruwan gishiri da ɗan injin nan na masu asma, ana ƙara masa ruwa ta bututun hanci. Turaren wuta kuwa ya ce a fitar da kasko daga sashen gaba ɗaya, da maganin sauro na kunnawa da na feshi, sai gidan sauro. Umma ta ji haushin maganar turaren sosai, don a ganinta ɗakin mara lafiya da baƙi ke shiga ba turare abin kunya ne.

Yadda yake zuƙe majinar ma daban ne. Yana zura robar ba tare da injin yana ja ba, sai wajen fitowa yake ja yana murzawa, kuma ba ya wuce sakan 10 zuwa 15, ya ce duk lokacin da kake zuƙa har iskar da mutum zai shaƙa kake ɗauke masa. Ƙaramin bututun da ke cikin na wuyan yana zare shi ya wanke sau da yawa a rana. Bai tsaya yi shi kaɗai ba, ya tsayar da ƙanina ya yi a gabansa har hannunsa ya daina rawa, ya ce shi ba kullum yake nan ba. Shi ne kuma ya tambaye mu in an ɗauke wuta ƙarfe 3 na dare me za mu yi kafin janareto ya tashi, ba mu da amsa, washegari muka nemo irin injin zuƙe majinar da ake takawa da ƙafa. Duk wanda za a sallama da bututun wuya a ƙasar nan ya nemi wannan ko mai batir, kar ya dogara da mai wuta kaɗai.

Ta rana mace ce, Sista muke ce mata, ita abinci da wankin ciwo ne suka fi ƙarfi a hannunta. Kafin ta zuba komai sai ta duba alamar da aka yi wa bututun a bakin hanci ko ta gusa, ta ja da sirinji ta ga abin da ya fito, Baba yana zaune sosai, ta zuba ruwa ta wanke bututun, ta ba shi abincin a hankali ba ta turawa da ƙarfi, ta sake wankewa da ruwa, sannan ba zai kwanta ba sai bayan kamar rabin awa zuwa awa ɗaya don kar ya dawo ya faɗa huhu. Abincin gwangwani na asibiti kuɗinsa ba na yau da kullum ba ne, ita ce ta zauna da Umma a kicin suka tsara na gida da abin da mai kula da abinci na asibiti ya rubuta, kunun gyaɗa da madara, waken suya, dafaffen ƙwai, kifi da aka cire wa ƙaya, kaza, dankalin Hausa, karas, alayyahu, ɗan mai, a niƙa a blanda a tace da rariya mai laushi, ba zafi ba sanyi. Ta ce koko da shayi zalla da muke ta ɗura masa ciki kawai suke cikawa, ciwo ba ya haɗewa sai da abinci mai gina jiki, kuma wanda za a yi wa gashin asibiti, wato ƙona cutar dajin da hasken na'ura, yana buƙatar nauyinsa. Ta sa muka sayi sikeli duk sati ana rubutawa. Wanda aka niƙa da safe ba a ba shi da yamma sai dai in yana firij, a namu yanayin wutar kuwa gara a yi kaɗan-kaɗan sabo.

Wankin bakin tana yi da ruwan gishiri da maganin kurkura da likita ya rubuta, da goz a hankali ba ta goga kan ɗinkin, kuma duk wanki sai ta haska naman. Ita ta koya mini abin da zan duba: in ya yi fari fat kuma ya yi sanyi jini ba ya shiga, in ya yi baƙi-baƙi ko shuɗi ya kumbura jini ba ya fita, in ɗinkin wuya ya fara tsattsafo da ruwa mai kama da yawu ko mugunya ko wari ya canza, ko zazzaɓi ya kai 38, a kira likitan aikin ba a jira ranar kilinik ba. In kuma jini ne ja ya ɓalle daga wuya ko baki, a danne a ɗauki mota, ba a tsaya kiran kowa ba. Wata rana Baba ya tada hankali yana nuna bakinsa, ashe gashi ne ya fara tsirowa a kan naman, tunda fatar ƙirji ce ba ta san an canza mata gida ba, Sista ta yi dariya ta ce ana samu a maza, ana rage shi, kuma gashin asibitin yakan kashe shi.

Wani aikin da ba a rubuta a takardar yarjejeniya ba amma ni a wajena ya kai rabin kuɗin, shi ne tsare Baba daga masu ƙaunarsa. Mu da muke 'ya'ya ba za mu iya ce wa Gwaggo ko abokan kasuwarsa a'a ba, amma mai farar riga tana iya. Wata ta zo da tawul da ruwan zafi za ta gasa masa kumburin, Sista ta riƙe hannunta ta ce "Hajiya ki yi haƙuri, wajen nan ba ya jin zafi yanzu, zai ƙone har ya sale bai sani ba." Wani ya kawo garin magani a barbaɗa a ɗinkin, wani zuma da habbatus sauda a lasa masa, wani ya ce a ɗan ɗiga masa ruwa a baki ai ƙishi zai kashe shi, alhali likita ya ce ko ɗigo kar ya bi ta baki tukuna saboda ɗinkin da kuma tsoron kar ruwan ya faɗa hanyar numfashi. Abin da ya burge ni ba su raina kowa ba. Da aka kawo zamzam da ruwan addu'a, na daren ya tace ya zuba masa ta bututun hanci da bismillah, kowa ya samu natsuwa. 'Yan dubiya kuma biyu-biyu, a wanke hannu, mai tari ko mura ya gaishe shi daga bakin ƙofa. Wani abokinsa da ya zo da ƙullin tabar a aljihu wai ko ƙamshin ya ji, wannan kam an yi masa magana mai ɗan zafi, taba tana tsuke jijiyoyin jini, ita ce kuma ta kawo mu nan tun farko.

Baba ba ya iya magana saboda bututun, ba ya kuma rubuta boko sai ajami. Na daren ya yi makarantar allo yana karantawa tsaf, har hira suke yi a rubuce, Sista kuwa ba ta iya ba sai aka yi kati da zane, ruwa, ciwo, majina, bayi, salla, yana nunawa da yatsa, aka ajiye masa ƙararrawa. Damuwarsa ta farko da ya rubuta ma ba ciwo ba ce, alwala ce, da aka tambayi malamin unguwa ya ce kurkurar baki da shaƙa ruwa sunna ne a mazhabarmu ta Malikiyya, ya shafa a kan bandeji ko ya yi taimama in ruwa zai cutar, ya yi salla a zaune. Madubi kuwa mun ɓoye, na daren ne ya ce ɓoyewar ta fi tsoratar da mutum, ya zauna da shi ya nuna masa yana bayani wannan kumburi ne zai sauka, wannan kuma haka zai zauna. Baba ya yi shiru ranar bai rubuta komai ba, amma bayan nan ya daina juya fuska bango in an shigo.

Toh yanzu ƙorafin, kuma babba ne. Ranar hutun na daren kamfanin suka turo wata ba tare da sun sanar da mu ba, yarinya ce mai ladabi ba laifinta ba ne, amma da ta ga bututun wuya sai da ta ja da baya, da muka matsa da tambaya ta ce ita a wani ƙaramin asibiti ta koyi aiki, jinyar tsofaffi da masu shanyewar ɓarin jiki take yi. A daren Baba ya fizgi bututun hanci cikin barci ya zaro kusan rabi, ta ce bari ta mayar ai tana sakawa, ƙanina ya hana ya kira na daren a waya, ya ce kar a tura ko kaɗan kuma kar a zuba komai, wanda aka yi wa aiki a baki da maƙogwaro ba a mayar masa da bututu a makance a gida, zai iya huda ɗinki ko ya faɗa hanyar huhu a zuba masa kunu a ciki. Da safe muka koma asibiti aka gyara. Da na kira ofishinsu amsar da na samu ita ce "ai duk nas nas ce Hajiya." Wannan maganar ita ce matsalarsu gaba ɗaya, suna da mutum biyu uku ƙwararru da suke ja musu suna, sauran kuma duk wanda ke kusa shi ake turawa, a kuɗi ɗaya.

Sauran ƙananan abubuwa ne amma suna taruwa. Ba su da takardar miƙa aiki tsakanin na rana da na dare sai da muka sayi littafi da kanmu ake rubuta magani da abinci da fitsari da zafin jiki, littafin nan kuwa likitan ya ji daɗinsa ranar kilinik. Canjin diyuti na safe kusan kullum da latti, go-slow ne uzurin. Lambar da suka ce ta gaggawa ba a ɗauka da daddare. Ba su da mai gashin ƙashi, alhali bayan aikin wuya kafaɗa takan sage ta ƙi ɗaguwa, baki ma yakan ƙi buɗuwa sosai, motsa kafaɗar da atisayen buɗe baki da 'yan sandunan katakon nan na duba harshe Sista ce ta riƙa sa shi bisa abin da asibiti suka nuna. Abin da zan yaba musu a nan, ba wanda ya taɓa yi masa allura ko ya ƙara magani da kansa, ko da ciwo ya tashi muna roƙo sai an kira likita, kuma ba kowace ƙwaya suke dakawa su zuba a bututu ba sai sun tambayi mai haɗa magani.

Da za a ce na ba su maki, na daren da Sista 9 cikin 10, ofishin 4. In za ku ɗauka, kafin ku tura ko sisi ku ce a turo muku mutumin ku ganshi, ku nemi lasisinsa na hukumar nas da ungozoma ta ƙasa wato NMCN ku duba bai ƙare ba, ku tambaye shi kai tsaye a wane wod ya yi aiki kuma yaushe rabonsa da jinyar mai bututun wuya, a rubuta sunan wanda zai canje shi ranar hutu shi ma ku ganshi. In kuɗi ba za su kai diyuti biyu ba ku ɗauki na dare, rana akwai idanu da yawa a gida kuma asibiti a buɗe yake. In an sallami naku ba bututun wuya, yana haɗiya da kansa, ba kwa buƙatar mai kwana, mai zuwa wankin ciwo ya wadatar.

Mu mun rage zuwa ziyara kawai bayan an cire na wuyan, ramin ya haɗe da kansa a ƙarƙashin filasta. Na hancin an bar shi saboda gashin asibiti, wanda likitoci suke so a fara cikin sati 6 da yin aiki, kusan zama 30 ne Litinin zuwa Juma'a, kuma yana busar da yawu ya sa baki ya yi miki har haɗiya ta gagara. Sai an duba haƙora an cire ruɓaɓɓu kafin a fara. Wuraren da ake yi a Arewa ba su da yawa, irin su Shika a Zariya da Sakkwato da Abuja, saboda haka ku fara neman layi tun mara lafiya yana gadon asibiti, ku kuma tambayi kamfanin tun yanzu ko nas ɗinsu zai iya binku wani gari da nawa ne kuɗin, namu sun ce masauki da abincinsa a kanmu suke.